Ya ci mini buhu 8 na masara, yanzu an ce in kai wa matarsa abinci asibiti

Maman Tagwaye, Saminaka

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa a majami'armu, don a can kowa ya san kowa, magana ba ta kwana.

Sana'ata hatsi ce. Ina sayen masara da kaka a ƙauyukan Lere, in ajiye a sito, in ta yi daraja in fitar. A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira kuɗi ya ɓace a hannun jama'a, wani ɗan'uwa a ekklesiyarmu ya same ni har gida da yamma. Ba baƙo ba ne, yana cikin mawaƙa, shi ya ja waƙa ranar auren 'yata ta fari. Ya ce ya sami masu kiwon kaji a Jos suna neman masara, in ba shi buhu 8 ya kai, da zarar sun tura masa kuɗi ta banki zai turo mini. Ba takarda, ba shaida. Wa zai ce wa mutumin da kuke cin Jibin Ubangiji tare ya sa hannu a takarda? Maigidana ma shi ya taya shi ɗora buhunan a mota.

Har yau ko kwabo. Da farko masu kaji ba su biya ba, daga nan cuta ta shiga kajin, daga baya ya daina ɗaga wayata gaba ɗaya. Aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ɗin, komai ya tashi, jarina ya karye. Sai da na sayar da awakina kafin tagwaye su koma makaranta. Abin da ya fi ƙona mini rai, bara ya sayi sabon babur, ya turo shi bakin majami'a bayan sujada, dattawa suka ɗora hannu suka yi addu'a a kai, ina tsaye ina kallo.

To yanzu an yi wa matarsa aiki, tana kwance a asibiti. Uwar Zumunta, shugabar ƙungiyar matan ekklesiyarmu, ta raba mana kwanakin kai abinci, nawa ya faɗo ranar Alhamis. Lahadin nan kuma Fasto ya yi wa'azi daga 1 Yohanna sura 4 aya ta 20, inda aka ce wanda ya ce yana ƙaunar Allah amma yana ƙin ɗan'uwansa maƙaryaci ne. Bai san zancen ba, amma na ji kamar sunana ne kawai bai kira ba.

Tambayata ita ce: in na dafa tuwo na kai alhali zuciyata tana tafasa, ba munafunci na yi ba? In kuma ƙaunar ɗan'uwa dole ce a kaina saboda Allah ya ƙaunace ni, ke nan masarata ta tafi? Ku faɗa mini gaskiya, kada ku lallashe ni.

Ɗan Kabala, Kaduna

Mama, sannu. Ni dai ba zan ɓoye miki ba, wannan abin ya yi yawa a majami'unmu. Mutum ba zai je wurin Alhaji a kasuwa ya ɗauki kaya ya ƙi biya ba, don ya san abin da zai biyo baya. Amma ɗan'uwa mai bi? Ai an san inda za a kama shi: a buɗe masa aya a ce ƙauna tana sa haƙuri. Duk wa'azin a kan wanda aka cuta yake sauka, wanda ya yi cutar yana gaba da rigar mawaƙa yana ɗaga hannu.

Littafin da ya ce ki ƙaunace shi, shi ne kuma ya ce a Zabura 37:21 mugu yakan ci bashi ya ƙi biya. Romawa 13:8 ta ce kada hakkin kowa ya zauna a kanmu sai dai na ƙaunar juna. Wannan ayar tasa ce, wa ya karanta masa? Mai kuɗin babur yana da kuɗin masara. Ki kai ƙararsa wurin dattawa, in sun yi sanyi ki san inda za ki nufa. Abinci kuma ki ce wa Uwar Zumunta ta sa wata, ba ke kaɗai ce mace a Zumunta ba.

Baba Fasto mai ritaya, Kagoro

'Yata, sannu da haƙuri. Na karanta maganarki har ƙarshe. Wadda ta ƙi mutum da gaske ba ta rasa barci a kan ko za ta kai wa matarsa tuwo, saboda haka ki kwantar da hankali a kan aya ta 20 tukuna.

Ki koma surar ki fara daga aya ta 7, ki bi ta a hankali. Yohanna bai fara da abin da za mu yi ba. A aya ta 10 cewa ya yi ba mu ne muka ƙaunaci Allah ba, shi ne ya ƙaunace mu har ya aiko Ɗansa hadaya domin zunubanmu. To ki tsaya nan ki tambayi kanki abin da ya kamata ya biyo baya. Hankalin mutum zai ce, tun da Allah ya ƙaunace mu haka, sai mu ma mu ƙaunaci Allah. Amma aya ta 11 ba haka ta ce ba. Cewa ta yi, tun da haka ne, ya kamata mu ƙaunaci juna. Nan take aya ta 12 ta ƙara da cewa ba wanda ya taɓa ganin Allah. Allah ba ya jin yunwa, ba ya kwance a gadon asibiti da ɗinki a ciki. Wanda za ki iya miƙa wa kwano shi ne wanda idonki yake gani.

A kasuwarku ai kuna yin wannan. Wanda yake binki kuɗi ya ce, kada ki kawo mini, ki miƙa wa wance. Ba kya tsayawa binciken ko wance ta cancanta, ko kuna shiri da ita, domin ba saboda ita kike bayarwa ba. Haka abincin ranar Alhamis yake. Mawaƙin nan bai yi abin da zai sa ki hura wuta dominsa ba, kuma ba wanda ya ce ya yi.

Kada kuma ki ɗauka Yohanna ya rubuta wa mutanen da ba su san ciwon ɗan'uwa ba. Ki duba 2:19, ekklesiyar nan rabuwa ta yi, waɗansu da suke ci tare suke addu'a tare suka fita suka bar su. Masu rauni a zuciya ya rubuta wa. Jerom, malamin ekklesiya da ya rasu a shekara ta 420, ya ba da labarin cewa da Yohanna ya tsufa tukuf a Afisa, ɗaukarsa ake yi a kawo shi taro, ba ya kuma faɗin komai sai 'ya'yana, ku ƙaunaci juna, har almajiransa suka gaji suka tambaye shi dalili. Ya ce umarnin Ubangiji ne, in an yi shi kaɗai ma ya isa. Da ina saurayi nakan ga kamar tsufa ne ya rage masa magana. Bayan na zauna a kan shari'un gona da na gado da na adashe tsakanin masu bi, na ga dalilin da ya sa ya ƙi canza wa'azi.

Batun munafunci. In kin kai abincin don Zumunta ta yaba miki, wannan munafunci ne. In kin haɗu da mijin a bakin ɗaki kika washe baki kika ce ai ba komai, ya wuce, alhali bai wuce ba, wannan ma munafunci ne. Amma ki yi abin da Ubangijinki ya ce alhali ranki ba ya so, wannan biyayya ce. 1 Yohanna 3:18 ta ce mu yi ƙauna da aiki da kuma gaskiya. Tuwon shi ne aikin. Gaskiyar ita ce ki buɗe baki ki ce masa yana da buhu 8 a kansa. In kin yi ɗaya kin bar ɗaya, rabin ayar kika cika.

Masararki kuwa ba ta tafi ba. Mutane suna son jefa wa irinki misalin bawa marar gafara a Matiyu 18, to mu duba shi da lissafi. Dinari ɗaya ladan yini ɗaya ne na ɗan ƙodago, kamar yadda yake a Matiyu 20. Bashin dinari 100 da bawan yake bin abokinsa ya fi aikin wata uku, ba ƙaramin abu ba ne, Yesu bai raina shi ba. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, shi kuma bawan talanti 10,000 sarki ya yafe masa. Abin da ya tayar wa sarki da rai shi ne mutumin da aka yafe wa wannan ya fita ya shaƙe wuyan abokinsa, ya jefa shi kurkuku yana roƙon a ba shi lokaci. Abin da aka hana ki ke nan: shaƙewa, da fatan masifa ta same shi, da jin daɗi a ɓoye cewa matarsa ta kwanta. Yafewa daga zuciya dole ce. Barin buhunan kuwa kyauta ce, in kin ga dama kin yi, ba wanda zai ƙwace ta a hannunki da aya.

Ɗana na Kabala, a surar nan ta 18 ɗin, kafin misalin, Yesu ya shimfiɗa hanya daga aya ta 15: ta same shi ita da shi, in bai ji ba ta tafi da mutum ɗaya ko biyu, sannan ekklesiya. Na yarda da kai a kan bashin. Inda muka rabu shi ne abincin. Matar da aka yanka wa ciki ba ita ta ɗora buhu a mota ba.

Maman Tagwaye, Saminaka

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da nake tsoro shi ne, na san halin mutanenmu. Ranar da aka gan ni da kula a asibiti, za a ce ai Maman Tagwaye ta yafe, shi ma haka zai ɗauka. In na tayar da maganar bayan nan sai a ce ashe abincin na neman bashi ne. Kuma matar, Baba, ban yarda ba ta sani ba. Da muke gaisawa sosai, amma tun lokacin ko a layin baiko muka haɗu sai ta sunkuyar da kai.

'Yar Michika

Yaya, wannan sunkuyar da kan da kika faɗa shi ya sa na ce bari in sa baki. Wataƙila ta sani ɗin. Amma mace nawa ce take iya sa mijinta ya biya bashi? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kunya ce take cinta, yanzu kuma tana kwance ta san jerin sunayen Zumunta, ta san Alhamis taki ce, tana jira ta ga ko za ki zo.

Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. A watan Satumba na 2014 Boko Haram suka shiga Michika muka gudu Mubi, ƙarshen Oktoba suka ci Mubi da hedkwatar ekklesiyarmu a Kwarhi, muka sake gudu da ƙafa. A Yola, harabar majami'ar Katolika ta Saint Theresa ce ta karɓe mu, Bishop Stephen Mamza ya buɗe ƙofa, ba a tambayi kowa ɗarikarsa ba, Musulmi ma suna cikin masu karɓar abinci. Ni da na tashi ina jin ana cewa 'yan Katolika kaza da kaza, a hannunsu na ci masara da wake. Daga baya wata gwauruwa a unguwar da ba ta taɓa ganina ba ta ɗauke ni da yara uku zuwa ɗakinta. Tabarma ɗaya ce babba, ta ba yaran, ni da ita muka shimfiɗa zannuwa a siminti. In ta auna garin tuwo takan juya mana baya don kada mu ga yadda kwanon yake raguwa. Na yi mata godiya wata rana har da kuka, ta ce in daina, ita ma abin da aka yi mata take yi. Na ɗauka wani ne ya taɓa riƙe ta. Ashe Yesu take nufi.

Ga inda labarina ya haɗu da naki. Da muka koma gida a 2015 na tarar ba komai a ɗakina. Na ce 'yan bindiga ne. Wata rana na shiga gidan wata da muke Zumunta ɗaya, na ga keken ɗinkina a kusurwa, da alamar jan fenti da maigidana ya sa a ƙafarsa. Sun riga mu dawowa. Ta ce saya ta yi a hannun wani yaro. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba gaskiya ba ne. Na fi shekara ban ci Jibi ba saboda ita. Keken bai dawo ba har yau, ba ta kuma taɓa cewa in yi haƙuri ba. Da ɗanta ya rasu ni na kwana a gidan makokin ina dama kunu, ba don na manta ba, sai don duk lokacin da na ce ba za ni ba, bayan gwauruwar nan ta Yola nake gani tana auna gari.

Baba, da girmamawa, akwai inda ban gamsu ba. Kun ce barin buhunan kyauta ce in ta ga dama. To Luka 6:35 fa, inda Yesu ya ce mu ba da rance ba tare da sa zuciyar a mayar mana ba? Kuma Bulus ya tambayi Korantiyawa a wasiƙarsa ta farko sura 6 me ya sa ba za su gwammace a cuce su ba. Ni da waɗannan ayoyi na bar kekena. Ban ce Yaya ta bar masararta ba, amma ina ganin maganar ta fi yadda kuka sassauta ta nauyi.

Ɗan Kabala, Kaduna

Anti, Allah ya saka wa gwauruwar nan. Amma keke a lokacin gudu daban, mutumin da ya zo gida da ƙafarsa ya yi alkawari daban. In kowa ya bari, gobe wata gwauruwar zai je wa da labarin masu kaji. Barinsa haka ma ai ba ƙauna ba ce gare shi, tun da shi ma zai tsaya a gaban Allah da buhunan nan. Na janye maganar abinci, Mama ta kai. Bashin dai a bi shi.

Baba Fasto mai ritaya, Kagoro

'Yata ta Michika, kin taɓo wuri mai wuya, ba zan kuma ce miki ayoyin nan ba su da haƙora ba. A Korantiyawa abin da Bulus yake tsawatawa shi ne kai ɗan'uwa kotu a gaban marasa bi, a nan surar kuma ya tambaye su ko ba mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai raba tsakanin 'yan'uwa, ya kuma juya ya tsawata wa masu cutar. Ke nan ya san za a zauna a raba. Ta Luka kuwa, yadda nake fahimtarta, ta hana mu mai da alheri ciniki, mu riƙa ba wanda muka san zai rama mana kaɗai. Abin da kika yi da kekenki ya fi abin da zan iya ɗora wa wani a matsayin doka. Alheri ne aka ba ki. In na mai da shi doka, masu wayo ne za su fara haddace ta.

Ma'ajin Ekklesiya, Malumfashi

Mama, ni aikina riƙe littafin kuɗi ne, bari in yi magana ta wannan gefen.

Tsoron da kika faɗa yana da magani. Kafin Alhamis ki sami dattijo ɗaya wanda bakinsa yake da nauyi, ba majalisa duka ba, ki gaya masa zancen bashin, ki ce za ki kai abinci kuma maganar tana nan sai matar ta warke. Shi ke nan kina da shaida cewa tuwon ba rasiɗi ba ne. A asibiti kada ki ambaci masara ko da wasa, ko da mijin ne ya fara. In ya ce Mama zancen nan, ki ce ba yau ba, za mu zauna.

In an sallame ta ta sami ƙarfi, ki same shi ke da maigidanki, tun da shi ya taya ɗora kayan. Abin da za ku fara yankewa shi ne da me zai biya, buhu ko kuɗi. Farashin masara na farkon 2023 da na yau ba ɗaya ba ne, a nan ne irin wannan sulhu yake watsewa, kowa ya kama farashin da ya fi masa daɗi. Ni dai shawarata buhu ya ɗauka, buhu zai mayar, a raba masa kaka biyu ko uku yadda ba za a shaƙe shi ba, a rubuta, dattijon ya sa hannu. Ki lura kuma kuɗin aikin asibiti zai bar shi a ƙasa na ɗan lokaci, kada ki sa ran kakar bana.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan ekklesiya, ba naki kaɗai ba. Da Bulus ya mayar da bawa Unisimas wurin maigidansa Filimon bai ce a manta da hasarar ba, cewa ya yi in yana da bashi a kansa a mai da shi kaina, ya kuma rubuta da hannunsa cewa zai biya. Tertuliyan, wanda ya rayu a Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa masu bi suna da akwati da kowa yake sa abin da ya iya sau ɗaya a wata, ba tilas, da shi ake ciyar da matalauta, a binne su, a riƙe marayu da tsofaffi da waɗanda aka ɗaure saboda bangaskiya. Wannan ne ya sa waɗanda ba masu bi ba suke cewa ku dubi yadda suke ƙaunar juna. Mu a nan muna ware wani abu daga hatsin godiyar kaka don irin wannan, kuma mun taɓa biya wa wani rabin bashinsa daga ciki shi ya cika sauran, da sharaɗin ya tsaya gaban dattawa ya amsa da bakinsa cewa ya ci. Ki tambayi ma'ajinku ko kuna da irin wannan asusu.

Sannan ki tambayi Uwar Zumunta abin da likita ya yarda matar ta ci. Wadda aka yi wa aikin ciki ba lallai a bar ta ta fara da tuwo ba, wataƙila kunu ko ruwan farfesu za a ce.